Hatsin da gwamnati ke saye da kaka: wa ke bin sawun kuɗin, kuma ta ina ƙungiyar manoma za ta shiga?

Ɗan Birni

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga waɗanda suka san doka da waɗanda suka san hatsi, don maganar ta haɗa su duka.

Kowace shekara da kaka ana jin sanarwa cewa gwamnatin Nijar za ta sayi hatsi da dawa ta cika rumbun tsimi na ƙasa, kuma ana cewa a hannun ƙananan manoma za a saya. Amma in mutum ya je Bakin Birji ko Kundumawa ko kasuwar Mirya cikin watan Nuwamba, ƴan kasuwa ne ke kwasar kaya tiya-tiya da kuɗi a hannu. Kafin kuɗin gwamnati ya fito, hatsin ya riga ya bar hannun wanda ya noma shi. Da bazara kuma, manomin nan shi ne a layin sayarwa mai rahusa yana neman tiya goma.

Abin da nake son sani shi ne: akwai dokar da ta tilasta wa gwamnati sayen cimaka a hannun manoman gida, ko kuwa alkawari ne kawai? Lokacin da muke da majalisar dokoki, ta wace hanya ƴan majalisa ke binciken wannan aiki? Yanzu da babu ita, wa za a tambaya? Sannan ƙungiyar manoma ta ƙauye, in tana son sayar wa gwamnati ko makaranta, me ake bukata ta tanada? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Akawu

Wa'alaikumus salam, Malam Ɗan Birni. Bari in ɗauki ɓangaren doka, masu sanin buhu su yi nasu.

Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya ambaci abinci sau biyu a fili. Aya ta 12 ta ce kowa na da haƙƙin samun abinci mai kyau kuma wadatacce, da ruwan sha. Aya ta 146 ta ce wajibi ne manufofin gwamnati su nemi ƙasa ta ci da kanta. Sai dai aya ta 12 ta ƙare da cewa bisa sharuɗɗan da doka ta tsara, ma'ana sai an zo da wata doka ta fayyace wa zai yi me, da nawa, a wane wata. Nan giɓin yake. Mafi yawan abin da ke tafiyar da harkar cimaka a ƙasar nan takardun tsari ne da majalisar ministoci ke amincewa da su. Shirin 3N, ƴan Nijar su ci da ƴan Nijar, da aka amince da shi a 2012, tsari ne. Takardar sayen cimaka a hannun ƙananan manoma da ake kira SNALAPP, ita ma tsari ce. Tsari yana nuna alkibla, amma ƙungiyar manoma ba za ta kai ƙara gaban alƙali ba don ba a sayi kaso kaza a hannunta. Don haka amsar tambayarku ta farko: niyya ce a rubuce, tilascin yana da rauni.

Su wa ke aikin? OPVN, hukumar cimaka ta ƙasa da aka kafa a 1970, ita ke riƙe da mangazoji, ita ke ajiya da fitarwa. Tsarin rigakafi da magance matsalar cimaka, DNPGCA, yana ƙarƙashin ofishin firaminista, kuma shi ke fitar da shirin tallafi na kowace shekara: ƙauyuka nawa suka yi giɓi, tan nawa za a sayar da rahusa, tan nawa za a raba kyauta. Rumbun tsimin ma kashi biyu ne. Akwai wanda aka saba sarrafawa tare da ƙasashe da hukumomi masu ba da tallafi, akwai kuma wanda gwamnati ke iko da shi ita kaɗai. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai bincike, don hanyar saye da hanyar fitarwa ba ɗaya ba ce.

To, ina majalisa ta shigo? Majalisar mai kujeru 171 da muke da ita har zuwa Yuli 2023 tana da makamai da dama a lokacin. Babbansu shi ne dokar kasafin kuɗi da ake tattaunawa a zaman ƙarshen shekara. Kwamitin kuɗi ne ke riƙe da ita, kwamitin raya karkara kuma yana ba da ra'ayinsa kan ɓangaren noma, suna kiran minista da daraktocinsa su zauna su ba da amsa. Bayan haka akwai tambaya a rubuce, tambaya da baki, kiran minista gaban zauren majalisa, da kwamitin bincike. A can ƙarshe akwai ƙuri'ar yanke ƙauna, kuma ba ado ba ce: a ranar 31 ga Mayu 2007 ta kayar da gwamnatin firaminista Hama Amadu a kan badaƙalar kuɗin ilimi.

Ni a ganina inda aka fi yin sakaci shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka saki. Ɗan majalisa zai tsaya ya yi ta muhawara a kan biliyan nawa aka ware wa rumbun tsimi, a jefa ƙuri'a, a tashi. Amma shekarar kuɗi daga Janairu take farawa ta ƙare a Disamba, kaka kuwa daga Oktoba zuwa Disamba ce. Ke nan kuɗin da zai sayi hatsi da kaka shi ne na wutsiyar shekara, lokacin da baitulmali ya riga ya gaji kuma ana fifita albashi da tsaro. In aka ce a jira sabon kasafi, kafin a buɗe shi, a yi sanarwar kwangila, a tantance, a sa hannu, an kai Maris ko Afrilu. A wannan lokaci rumbun ƙaramin manomi ya yi ƙasa, wanda ke da tan dubu a ajiye ɗan kasuwa ne. Ko babu mai mugun nufi, kalandar kaɗai ta isa ta miƙa kwangilar ga babban ɗan kasuwa.

Akwai dokar da ke tona wannan, wato dokar rufe kasafi, wadda ke nuna abin da aka kashe da gaske layi bayan layi, tare da rahoton kotun binciken asusun gwamnati. In ta zo a makare, hankalin kowa ya koma kan sabon kasafi, sai a wuce ta da sauri. Tun 2018 kuma ƙasar ta koma kasafi na shirye-shirye, inda kowace ma'aikata ke faɗin sakamakon da take son cim ma. Wannan ya ba ɗan majalisa damar tambayar tan nawa aka saya a hannun ƙungiyoyi, a wane wata, maimakon tsayawa kan jimillar kuɗi.

Misalin abin da rashin bin diddigi ke haifarwa shi ne 2005. Dokar kuɗi ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su madara, fulawa da sukari, bayan damina ta yi gardama ga kuma fara. Ta wuce majalisa. Sai da jama'a suka fito cikin watan Maris, aka rufe kasuwanni a manyan garuruwa, kafin gwamnati ta janye wani ɓangare a Afrilu. Shekarar nan ce yunwa ta yi tsanani a jihohin Maradi da Damagaram.

Da za a rubuta doka, ni zan duba abin da Brazil ta yi a 2009: ta sa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don ciyar da ƴan makaranta a kashe shi wajen ƙananan manoma. Adadi ne a cikin doka, kuma abin da ke da adadi ana iya ƙirga shi a tuhumi wanda bai cika ba.

Mai Tiya

Malam Akawu ya gama da takarda, bari mu sauko mangaza.

Kafin komai ƙungiya ta zama halattacciya. Dokar kwaperatif ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashen Afirka da dama, ta Disamba 2010, ta ba da iri biyu: mai sauƙi wadda mutum 5 ke iya kafawa, da mai kwamitin gudanarwa wadda ke bukatar aƙalla 15. A yi taron kafawa, a rubuta dokokin ƙungiya, a yi rajista, a nemi lambar haraji ta NIF, a buɗe asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku. Kuɗin kwangila ba ya shiga asusun shugaba. Ƙungiyoyi da yawa nan suke faɗuwa, suna riƙe da tsohuwar takardar amincewa ta kafin OHADA, sai ranar ajiye takardu a ce musu ba ta aiki. A fara wannan tun Yuni ko Yuli. Wanda ya bari sai ya ji sanarwa a rediyo ya makara.

Sai yawan kaya. Babban mai saye ba ya tura mota don buhu ashirin. Ku ƙirga da babbar mota mai ɗaukar tan 30, buhu 300 ke nan na kilo 100. In kowane memba zai iya fitar da buhu 3 bayan ya ware na ci, ana bukatar mutum 100. Ƙungiyar ƙauye ɗaya da wuya ta kai, shi ya sa ake haɗuwa a tarayyar ƙungiyoyi ta komin. Kuma kada a yi alkawarin abin da ke tsaye a gona. A jira a ga damman da suka shiga rumbu, a rubuta sunan kowa da abin da zai kawo, sannan a rage kashi ɗaya cikin huɗu, don biki da rashin lafiya da bashi za su ci wani abu kafin ranar tarawa. Gara a sa hannu kan tan 20 a cika da a sa kan 30 a kawo 18, don tara ce ke biyo baya, kuma baɗi ba za a kira ku ba.

Awo. A kasuwa tiya 40 buhu ce, bisa lissafin tiya ɗaya kilo biyu da rabi. Amma tiyar wani ta fi ta wani zurfi, wani yana tozo wani yana shafewa. Mai kwangila da sikeli yake karɓa. Ƙungiya ta auna kowane buhu da sikeli tun wajen karɓa daga memba, a rubuta a gabansa, a ba shi ƴar takarda.

Danshi shi ne ɓarawon da ba a gani. Takardun sharuɗɗa galibi suna neman kada ya wuce kashi 12 zuwa 13. In aka karɓi hatsi yana kan 16 ya bushe zuwa 12, buhun kilo 100 zai dawo kusan 95 da rabi. A buhu 300 an yi asarar fiye da buhu 13 ba tare da kowa ya taɓa komai ba, kuma magatakarda za a zarga. In babu na'urar gwaji, a ciji ƙwaya: busasshiya tana fashewa ƙas tsakanin haƙora, mai danshi tana lotsawa. Akwai kuma gwajin gishiri. A zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana.

Tsabta kuma daga wajen sussuka take farawa. Hatsin da aka sussuke a kan rairayi yana ɗauko yashi, yashin kuma gindin buhu yake sauka. Mai karɓa ya san haka. Yana zuwa da ƙarfen huda buhu mai rami a tsakiya, ya soka sama, ya soka tsakiya, ya soka gindi, ya zazzage a tafin hannu ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, tsakuwa da yashi su zauna a tafin yana kallon ku. Ba duk buhunan yake hudawa ba. In sun haura 100, a tsarin da aka saba, cikin 300 zai zaɓi kamar 17 ko 18 daga inda ya ga dama, kuma su ne ke yanke wa motar duka hukunci. Mutum ɗaya da ya cusa yashi zai iya sa a dawo da kayan mutum ɗari. Saboda haka a sussuke kan tampol, a sheƙe, a rairaye, kuma kowane buhu a rubuta lambar mai shi.

Ajiya kafin mota ta zo: buhuna kan katako, a bar tazarar da mutum zai bi tsakaninsu da bango, a share mangazar a fitar da tsohon kaya kafin sabo ya shiga. Wake sai an fi kula da shi, don ƙwaron yana shigowa tun daga gona. Buhun PICS mai riɓi uku yana maganinsa ba tare da guba ba, in an matse iska an ɗaure kowace leda daban kuma ba ta da huji. Ƙwayar hayaƙi ta fosfin kuwa aikin wanda aka horar ne, ƙarƙashin tampol da aka danne gefensa, kwana biyar zuwa bakwai, nesa da ɗakin kwana. Jefa ta cikin buhu a ɗakin da yara ke barci ya sha kashe mutane.

Yanzu babbar matsala, biya. Ɗan kasuwa yana biya nan take. Gwamnati sai an yi takardar karɓar kaya, a kai faktir, a bi matakai har baitulmali. Ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta sa iyakar kwana 60, amma manomi ba zai iya jiran ko kwana 30 ba da kaka. Sai tarayyar ta ci bashi ta biya membobi. Mu ɗauka buhu jika 20 ne, buhu 300 miliyan 6 ke nan. Mu ɗauka kuɗin ruwa kashi 2 a wata: jika 120 kowane wata, sefa 400 a kan kowane buhu. In biyan ya yi wata huɗu, 1,600 sun tafi a buhu, ribar da aka yi wahalar sheƙewa dominta ta ƙare. Don haka kafin sa hannu a duba abu biyu a takarda: ko akwai kuɗin somin aiki, da yadda aka tsayar da farashi. Farashin da aka ƙulle tun Nuwamba haɗari ne, don in kasuwa ta hau a Janairu membobi za su zame su sayar a waje. Wanda ya fi aminci shi ne a ɗaure shi da farashin da SIMA, ofishin bin farashin kasuwannin amfanin gona, ke fitarwa na wata kasuwa da aka ambata da suna, a makon kai kaya, a ɗora ladan tsabtacewa da buhu da dako.

Hajiyar Zango

Sannunku da ƙoƙari. Malam Akawu, ku yi mini haƙuri, ban yarda kashi 30 shi kaɗai zai gyara ba. Ranar da aka sa adadi a doka ba tare da an fayyace wane ne ƙaramin manomi ba, washegari za a wayi gari da kwaperatif ta takarda: sunaye goma sha biyar, hatimi, asusu, hatsin kuwa daga mangazar attajiri. Sannan mu da ke kusa da iyaka mun san in naira ta faɗi, kaya daga Maigatari ko Mai'aduwa sun fi araha, a shigo da su a sauya buhu a kira su na gida. Dokar da za ta yi aiki sai ta nemi jerin membobi da ƙauyukansu, da abin da kowa ya kawo, da shaidar cewa kuɗin ya isa hannunsa. Mai bincike ya ɗauki sunaye goma daga jerin, ya je ƙauyen ya tambaye su ɗaya-ɗaya nawa aka ba su. Rabin yini ya isa.

Kuma ina ba ƙananan ƙungiyoyi shawara, musamman na mata, su fara da makarantu kafin su hangi rumbun ƙasa. Lissafin ya fi dacewa da ƙarfinsu. Mu ɗauki lakol mai yara 200, kowane yaro giram 150 na hatsi da giram 40 na wake a rana. Hatsi kilo 30 a rana, kwana 20 a wata kilo 600, buhu 6 ke nan. Daga Oktoba zuwa Yuni buhu 54. Wake kilo 8 a rana, 160 a wata, kusan buhu 14 da rabi a shekarar karatu. Ƙauye ɗaya zai iya wannan, da amalanke ma za a kai. Kuma a rarraba kai kayan kashi uku, don ɗakin ajiyar makaranta da wuya ya riƙe buhu 54 wata tara ba tare da ɓera da gara sun ci rabonsu ba.

Inda ake tura kuɗi kai tsaye ga kwamitin kula da makaranta, COGES, saye a gida yana da sauƙi, matuƙar kuɗin ya zo a zangon farko. In ya zo a Fabrairu, kwamitin zai sayi buhu kaɗan da tsada, tukunya ta sauka tun Afrilu, daidai lokacin da gidaje suka fi bukata kuma yara ke fara zamewa daga aji. An gwada irin wannan haɗi na manoma da makarantu a jihar Maradi daga 2012, da tallafin Brazil tare da FAO da PAM, hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, don haka ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne man girki. Matan Matamaye da Magarya suna matse man gyaɗa mai kyau, amma takardun sharuɗɗa sukan nemi man da aka ƙara wa bitamin A, a cikin jarka mai hatimi. Dalilin lafiya ne, ban raina shi ba, kuma gyaɗar da ta sha danshi tana ɗauke da guba mai illa ga hanta. Sai dai in an rubuta sharaɗi ba a ware kuɗin gwaji da horarwa ba, an rufe wa matan ƙofa ke nan. Irin wannan layi guda a cikin takardar kwangila ya kamata kwamitin raya karkara ya riƙa karantawa da idon basira.

Ɗan Damargu

Ina ƙara jan hankali guda. Saye a gida ba kowace shekara yake zama alheri ba. Yawancin ƙananan manoma abin da suke nomawa ba ya kai su wata kaka, masu saye ne fiye da masu sayarwa. In damina ta yi gardama a Tanut da Belbeji da Gure, sannan aka shigo kasuwanninsu da kuɗin tan dubbai, tiya za ta yi tsalle cikin mako biyu, talakan da ake son taimaka wa shi zai fara jin jiki. Shi ya sa dole sayen ya bi sakamakon ƙididdigar amfanin gona da nazarin halin cimaka da ake yi a Nuwamba, a sake dubawa a Maris. Inda aka samu rara a saya, inda aka yi giɓi a kai. Kuma ya kamata takardar sayen ta ƙunshi rufi: in farashi ya haura kaza a kasuwar da aka ambata, a dakata.

Haka batun hana fitar da cimaka waje da aka yi a Oktoba 2024, ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Mai saye a birni yana samun sauƙi. Amma wake a wajenmu shi ne kuɗin manomi, kuma babbar kasuwarsa Najeriya ce. In an rufe wannan ƙofa, sai gwamnati ta shirya sayen waken da farashin da zai fitar da manomi, in ba haka ba baɗi zai rage noma shi. Mataki irin wannan mai fuska biyu yana bukatar zama a saurari kowane ɓangare.

Ɗan Birni

Madalla, na ƙaru ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura guda, Malam Akawu: a halin da ake ciki yau, wace ƙofa za a ƙwanƙwasa?

Tsohon Akawu

Hajiya, na karɓi gyaranku, adadi da fayyace mai sayarwa tare za su tafi.

Malam Ɗan Birni, tun 26 ga Yuli 2023 an dakatar da kundin 2010 kuma majalisar dokoki ba ta nan. Dokoki, har da ta kasafin kuɗi, shugaban ƙasa ke sa musu hannu bayan zaman majalisar ministoci. A 2025 an girka majalisar tuntuɓa ta CCR. Shawara take bayarwa, ba ta da ikon hana kasafi wucewa, amma tana da wakilai daga jihohi, kuma takardar da ta isa hannun wakilan Damagaram da alƙaluma a ciki tana iya shiga zaurenta. Majalisun komin ma an rusa su a Afrilu 2024, kantomomi ke riƙe da su.

Ƙofofin da suka fi kusa su ne kwamitin rigakafin matsalar cimaka na jiha da gwamna ke jagoranta, da na gunduma ƙarƙashin perefe. Nan ake tsara rabon tan-tan na sayarwa mai rahusa zuwa komin-komin. Sai zauren manoma na jihar Damagaram, reshen RECA, haɗakar zaurukan manoma ta ƙasa, wanda aikinsa ke nan ya kai muryar manoma. Ƙungiya ɗaya in ta rubuta, takardar na iya kwana a aljihun tebur. Tarayyoyi biyar daga gundumomi uku in suka sa hannu kan takarda guda ta hannun zauren, da wuya a ƙi ba su amsa.

In kuwa ƙungiya ta shiga takarar kwangila aka cire ta ba bisa ƙa'ida ba, ta fara rubuta koke ga ofishin da ya ba da kwangilar, sannan ta ɗaukaka zuwa kwamitin sasanta rigingimu na ARCOP, hukumar da ke sa ido kan kwangilolin gwamnati. Wa'adin ƴan kwanaki ne, don haka ranar da sakamako ya fito ranar za a rubuta, kuma a tabbata an buga wa kwafinku hatimin karɓa da kwanan wata. Akwai kuma dokar 23 ga Fabrairu 2011 kan samun bayanai da takardun hukuma, ana iya ambaton ta a kan wasiƙa.

Wajen rubutawa, a guji cewa manoma na shan wahala a taimaka. A tambayi abin da ke da amsa da lamba. Tan nawa aka tsara saye a jihar bana, nawa aka saya zuwa ƙarshen Disamba? A ciki nawa ne daga ƙungiyoyin manoma, kuma waɗanne? A wace rana kuɗin ya sauka? Kwana nawa tsakanin karɓar kaya da biya? An raba kwangilar ƙanana-ƙanana, tan 20 ko 30, da tarayyar komin za ta iya ɗauka, ko kuwa dunƙule take? A ɓangaren sayarwa mai rahusa, inda aka daɗe ana sayar da buhun kilo 100 a jika 13, a nemi a manna jerin tan-tan na kowace komin da ranakun sayarwa a ƙofar ofishin kantoma, kuma a sayar da tiya-tiya a gaban wakilan unguwanni da na hakimi, don buhu cikakke ya fi saurin komawa kasuwar Dole ta Damagaram.

Lokacin aika wasiƙar yana da muhimmanci. Ta neman a ware kuɗin kaka ta isa tsakanin Yuni da Agusta, sa'ad da ma'aikatu ke haɗa alƙaluman kasafi. Ta neman bayanin abin da aka saya kuma a aika ta cikin Janairu, takardun karɓar kaya suna kan tebur tukuna.